Anti, tuwo zan bari ko mai?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Dorayi, shekarata 37, 'ya'yana huɗu. Tun da na haifi autana shekara uku da suka wuce jikina ya buɗe, yanzu kilo 94 nake. Gwiwoyina suna ciwo, ko daga sujada sai na dafa ƙasa nake tashi. Likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage nauyi. Facalata ta ce in bar tuwo da shinkafa da burodi gaba ɗaya, in koma nama da ƙwai da ganye, wai keto. Na yi mako uku na sauke kilo 4, sai bikin ƙanwata ya zo, cikin wata guda duk suka dawo. Maƙwabciyata kuwa ma'aikaciyar jinya ce, ta ce tuwo bai yi min laifin komai ba, mai da suya zan bari. Tukunya ɗaya nake ɗora wa mutum shida, kuma maigida ba ya kwana bai ci tuwo ba. Don Allah wanne ya fi rage ƙiba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ƙara lafiya, Ya raya mana yara. Sau biyu na karanta saƙonki, kuma inda ya tsaya min a rai shi ne dafa ƙasar nan da kike yi kafin ki ɗago daga sujada. A shekara 37 bai kamata gwiwa ta fara yi miki haka ba. Kin yi daidai da ba ki yi wasa da maganar likitan ba.

Gardamar facalarki da maƙwabciyarki ba a Dorayi aka fara ta ba. Likitocin Amurka sun fi shekara hamsin suna yin ta. Wani likita mai suna Robert Atkins shi ya yayata barin sitaci tun 1972, alhali sauran likitocin zuciya na can suna ta jan kunnen jama'a a kan kitse da maiƙo. Shi keton ma da kike ji ya girmi Atkins, a 1921 aka tsara shi a asibitin Mayo, kuma don masu farfaɗiya aka yi shi, ba don masu son rage jiki ba.

Da musu ya yi tsawo sai aka gwada a aikace. Farfesa Christopher Gardner na Jami'ar Stanford ya tara manya 609 masu ƙiba, maza da mata, ya raba su gida biyu da ƙuri'a. Rabi aka ce su rage maiƙo, rabi su rage sitaci. A makonni takwas na farko an matsa wa kowane ɓangare sosai, daga nan aka ce kowa ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya tsaya a inda yake jin zai iya rayuwa a kai. Ba a sa kowa ƙidayar kalori ba, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. Abin da aka gaya wa dukkansu iri ɗaya ne: a yawaita ganye, a rage sukari da farar fulawa, a dafa abinci a gida. Bayan shekara guda aka auna, sakamakon ya fito a 2018. Masu rage maiƙo sun sauke kilo 5.3 a matsakaici, masu rage sitaci kilo 6. Bambancin bai kai kilo ɗaya ba a shekara cur, kuma masu binciken sun ce bai isa a ba wani ɓangare nasara ba. Sun ma duba ƙwayoyin gado da yadda jikin kowa ke fitar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ko za su gane wa tsarin kaza zai fi karɓa, ba su samu ba.

Kafin wannan, a 2009, Farfesa Frank Sacks na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun bi mutum 811 har shekara biyu a kan tsarin abinci iri huɗu. A wata shida kowane rukuni ya sauke kimanin kilo 6, daga baya nauyi ya fara dawowa, a ƙarshen shekara biyu ana maganar kilo 3 zuwa 4 a duka rukunan. Waɗanda suka fi saukewa su ne waɗanda suka fi zuwa zaman shawarwari ba fashi, ko a wane rukuni suke.

Kada in zalunci facalarki. Barin sitaci yakan yi gaba a watannin farko, kuma shi Gardner ɗin a wani gwajin da ya yi da mata 311 a 2007, masu bin tsarin Atkins ne suka fi sauke nauyi. Yana kuma taimaka wa mai matsalar sukari a jini, kuma wasu yana kwantar musu da yunwa. Sai dai in da man shanu da kitsen nama aka maye gurbin tuwon, mugun kitsen jini na iya hawa, abin da mai hawan jini ba ta buƙata.

Amma ga abin da na fi so ki riƙe daga gwajin Stanford. A cikin kowane ɓangare an samu wanda ya sauke kusan kilo 30, an kuma samu wanda ya ƙara kusan kilo 10. Tsari ɗaya, malamai ɗaya, shekara ɗaya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. A ganina, babban abin da ke raba mutane shi ne wa ya iya jurewa a kan nasa har ƙarshe. To ke tambayar da ta dace da ke ita ce: wane ne cikin biyun za ki iya yi a gidan da ake ɗora tukunya ɗaya, a watan azumi da watan biki, ranar da akwai kuɗin cefane da ranar da babu?

Kafin in amsa, bari in cire miki damuwar kilo 4 ɗin nan, don na ji kamar kina ganin kin gaza. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiyar yana riƙe da ruwa kimanin giram uku. Da kin daina cin sitaci, jiki ya cinye ajiyar, ruwan ya fita ta fitsari, sikeli ya sauka da sauri. Wataƙila kin lura kina yawan zagayawa a makon farko. Ranar da kika ci shinkafar biki ajiyar ta cika, ruwan ya dawo mazauninsa. Kaso mai tsoka na abin da kika sauke ruwa ne, kuma kaso mai tsoka na abin da ya dawo shi ma ruwa ne. Kitse ba ya narkewa da wannan saurin, ba ya kuma taruwa da shi.

Yanzu mu shiga kicin ɗinmu na Kano, don a nan maganar take.

Gobe da safe ki tsaya wajen mai waina ki kalli hannunta. Kafin ƙullu ya sauka sai ta ɗiga mai a kowane gurbi na tanda. Ta juya, ta sake ɗigawa a gefe don kada ta kama. Ƙullun shinkafa ne, ga ɗan sukari a ciki, kowace ɗaya ta sha mai sau biyu, mu kuma ba ma ƙirga ta da ɗai-ɗai, sai dai mu ce a ba mu ta ɗari kaza. Ki dubi garau-garau. Shinkafa da wake ba su da aibu, sai ludayin mai ya sauka a kai, ki gama ci ki tarar da shi kwance a gindin kwano yana ƙyalli. Haka ɗanwake, haka taliya da mai da yaji, haka gurasa, fanke, cincin, soyayyar doya, indomin mai shayi. Ki faɗa min, a cikin waɗannan wanne ne na sitaci, wanne ne na mai? Kowannensu duka biyun ne. Mace ta bar sitaci, waina da fanke da garau-garau sun fita daga bakinta, ta rame ta ce sitaci ne. Wata ta bar mai, su ɗin dai suka fita, ta rame ta ce mai ne. Facalarki da maƙwabciyarki kwano ɗaya suke nunawa, kowacce daga gefenta.

Lissafin kuwa a fili yake. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci 4, na furotin (abin da ke gina jiki a nama da ƙwai da wake) 4. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kimanin kalori 120 ne, kuma ba ya cika ciki ko kaɗan. Lita guda ta mai ta kai kalori 8,000. In gidan mutum shida yana ƙarar da lita a kwana huɗu, kowa yana shan fiye da kalori 300 a rana daga mai kaɗai, ban da na ƙosai da awarar da aka sayo a waje. Kuma ke da kike ɗanɗana miya, kike ƙarasa ragowar yara don kada a zubar, kasonki ya fi na kowa. Wannan ragowar yaran ki sa mata ido, ta ƙara wa iyaye mata da yawa nauyi ba su sani ba.

Ra'ayina, tunda shi kika nema: kada ki bar tuwo. Ba don keto ba ya aiki ba, sai don a gidanki ba zai ɗore ba. Zai sa ki ɗora tukunya biyu kullum. Zai sa ki nemi nama da ƙwai da kifi sau uku a rana, a wannan tsadar, yara suna kallon kwanonki. Kuma kin riga kin gwada kin ga inda ya tsaya. Abin da nake so ki yi shi ne ki ɗebi rabin maganar kowaccensu.

Daga maƙwabciyarki, ki fara auna mai. Ki daina tuntsura galan a tukunya, ki sa cokali. Ki ɗauki adadin da kika saba ki rage kashi ɗaya cikin uku, bayan mako biyu ki sake ragewa. Harshen mutanen gida zai saba ba su ankara ba, in dai daddawa da albasa da tattasai da kayan ƙamshi sun ji. Miyar kuka da kuɓewa da karkashi ba su taɓa buƙatar mai mai yawa ba, mu muka koya musu. Kifi da kaza a gasa ko a yi farfesu. Awara abinci ce mai kyau mai sauƙin kuɗi, suyar ce ke ɓata ta, ki gwada yanka ta a miya ko ki gasa ta a kasko da ɗan shafin mai. Wake kuma alala ta fi miki ƙosai.

Daga facalarki, ki rage girman malmala. Ɗaya kamar dunƙulen hannunki ta isa, miya kuma ta fi tuwon yawa, mai ganye sosai, alayyafo ko zogale ko rama ko yakuwa ko kabewa. Ki fara cin kwaɗon zogale ko kabeji da tumatir da gurji kafin ki kai hannu ga tuwon, za ki ga cikin ya riga ya ɗauki hanya. Duk wanda ya shiga 'Yankaba ko Kasuwar Rimi da safe ya san ganye ya fi nama araha nesa ba kusa ba. A hatsi, dawa da gero da masarar da ba a surfe su tas ba sun fi farar shinkafa da fulawa riƙe ciki, saboda dusar tana rage saurin narkewa. Amma kada a ruɗe ki da cewa acha ko tuwon alkama ba sa sa ƙiba, a ci iya ci. Sitaci ne su ma, yawan da aka ci shi ne magana. Wake, ƙwai, busasshen kifi, kindirmo marar sukari, waɗannan su ke hana yunwar ƙarfe sha ɗaya, ki tabbata ɗaya daga cikinsu yana cikin karin kumallonki.

Ki lura duk wannan tukunyar gidan ce. Maigida ya ci tuwonsa yadda ya saba, ke kwanonki kawai ya canza fasali. Ki kuma zuba naki daban, don a faranti ɗaya da yara ba za ki taɓa sanin iya abin da kika ci ba.

Akwai wurin da su biyun ba za su yi musu ba, kuma da shi zan so ki fara tun yau: abin sha mai zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, wato kimanin giram 50, cokalin shayi 12, in da hali ma rabin haka. Robar lemo guda ta rabin lita tana iya cinye kusan duk wannan kason. Ki ƙara shayin safe da cokali uku da madara, zoɓon rana, kunun aya, fura da nonon da aka zuba wa sukari. Ciki ba ya lissafa abin da aka sha a matsayin abinci, za ki sha ki kuma ci kamar ba ki sha komai ba. Zoɓonki ki haɗa shi da citta da kanumfari ba sukari, ko ɗan kaɗan. Shayi ki sauko daga uku zuwa biyu zuwa ɗaya. Na ga matan da wannan kaɗai ya sassauta musu zane.

Haka kayan leda na kanti. A 2019 wani masani a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, Kevin Hall, ya kwantar da mutum 20, mako biyu ana ba su abincin masana'anta, mako biyu abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya, aka ce kowa ya ci son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kimanin 500 kowace rana. Biskit da kek da su cincin na leda da ake saya wa yara don makaranta, in suna cikin ɗakinki hannunki zai kai.

Batun yawan abin da za ki sauke, kada ki sa wa ranki komawa jikin 'yanmatanci kafin Sallah. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau, wani makon ma sikelin ba zai motsa ba, kada hakan ya karya miki gwiwa. Likitoci sun tabbatar sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yana sassauta hawan jini da sukari. A wajenki kilo 5 zuwa 9 ke nan. A wani babban gwaji a Amurka da aka bayyana a 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon sukari da aka sa su neman sauke kashi 7 cikin 100 tare da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100. Gwiwa kuwa ta fi kowa saurin godiya, don kowane kilo ɗaya da kika sauke yana rage mata nauyin kimanin kilo huɗu a kowane taku. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar a mako. Ba sai kin hau Dala ba, da wannan gwiwar ma ban yarda ki hau ba. Tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri bayan Asuba ko in rana ta yi sanyi, ko ki taka zuwa Islamiyya maimakon hawa adaidaita, ya wadatar. Sai dai tafiyar ba za ta goge ludayin mai ba, aikinta shi ne ta taimaki zuciya ta kuma hana abin da ya sauka dawowa.

In kin koma asibiti ki roƙi a gwada miki sukarin jini da kitsen jini. Idan aka ce sukarinki ya fara hawa, to ki ƙara karkata ga maganar facalarki, ki ƙara rage sitacin, amma da sanin likita. Wannan gargaɗin na duk mai karatu ne: wanda ke shan maganin ciwon sukari ko yake allurar insulin, kada ya yanke sitaci kwatsam, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai ciki, mai shayarwa da mai ciwon ƙoda su ma kada su shiga keto da kansu. Ke kuma da jininki ke hawa, gishiri da dunƙulen magi suna cikin lissafinki, duk gishirin yini bai kamata ya wuce giram 5 ba, kimanin cokalin shayi guda. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a waya kuma, don Allah ki bar shi. Da yawansu gudawa da fitsari suke sa wa, ruwa ne ke fita, kuma ba ki san me aka zuba a ciki ba.

Saura biki, tunda shi ya kayar da ke, kuma a Kano ba za a daina biki da suna ba. Kada ki je da yunwa, ki ci wani abu a gida tukuna. In an miƙo miki, ki ci naman da ganyen da rabin shinkafar, ki karɓi ruwa a maimakon lemo. In ma kin ci ya fi haka, washegari ki koma kan tsarinki kamar ba a yi ba. Abin da ya faru wancan karon shi ne kin ɗauki doka mai tsauri, da ta karye sau ɗaya sai kika ce ai shi ke nan. Tsarin da na ba ki ba ya karyewa da shinkafar yini ɗaya. Azumi ma haka, dabino da ruwa da kunu marar sukari sosai, a yi Magariba, sannan a ci abinci, ba a tara soye-soye kala biyar a tire ba.

Ki shirya wa bakin mutane. Da kin fara saukewa za a fara tambaya, lafiya kuwa, ko wani abu ke damunki, ko maigidan ne ya rage cefane. Mu nan har yanzu jiki alamar hutu ne. Ki ce likita ne ya sa ki saboda hawan jini, ba wadda za ta ƙara magana. Shi ma maigida ki zaunar da shi ki gaya masa abin da likita ya faɗa tun kafin ya ga miya ta rage ƙyalli.

Yau ki samo tef ɗin tela ki auna ƙugunki daidai cibiya, ki rubuta a takarda da kwanan wata. Sikeli sau ɗaya a mako ya isa, rana ɗaya, sikeli ɗaya, da safe kafin ki karya. Ki kuma rubuta kwanan wata a jikin robar man da za ki buɗe, ki ga kwana nawa za ta yi. Bayan wata uku ki sake rubuto min, ina son jin awon ƙugun, da kwanakin robar man, da yadda gwiwar take a sujada. Ki gaida facalarki da maƙwabciyarki, ki shafa min kan auta.